Mai Huda Lemo

Sanda ta sauka a hannun dama, mai lambu ya ji ƙashin ƙanensa ya ce ƙas. Bai tsaya ba. Ya shaƙo wuyan rigarsa, ya dangwara fuskarsa cikin ruɓaɓɓen lemon da ya zube a gindin bishiya.

"Duba da kyau. Kowanne da hudar allura. Wa ke riƙe allura a gidanmu in ba kai ba?"

Ƙanen, wanda ke yi wa mutane allura a shagon magani, ya tofar da jini. "Yaya, lemo zan yi wa allura? A kan me?"

"A kan an raba gado lambun ya faɗo hannuna."

Da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare shi, suka kwashi ƙanen sai asibiti. Gogan naka kuwa ko a jikinsa. Ya zauna kan kututture da sanda a cinya, yana huci, wai shi mai gadi.

Rana na faɗuwa wani abu ya gilma ta gefen kunnensa. Ya haska tocila. Wani ƙwaro ne manne da lemon da ya fi kowanne nuna, dangin malam-buɗe-littafi amma mai kauri, fukafukansa baƙi-baƙi kamar ganyen da ya sha hayaƙi, idanunsa jajir cikin hasken. Ya warware wani siririn baki, ya kafa a ɓawon, ya yi ta murzawa har ya nutse. Ɗanye bai dame shi ba, nunanne yake bi. Da ya ƙoshi ya tashi, ya bar huda ɗaya tak tana tsattsafar da ruwa. A reshen sama ga 'yan uwansa nan birjik, kowa na aikinsa.

Mai lambu ya dubi hudar, ya dubi sandarsa. Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda. Ya kai hannu ya damƙe ƙwaro ɗaya.

Sai ga matarsa ta shigo lambun. "An aiko daga asibiti. Ƙashin ya ragargaje, likita ya ce da wuya ya sake riƙe allura." Ta dubi hannunsa a dunƙule. "Me ka kama?"

Yana jin ƙwaron na fafutuka cikin tafinsa. In ya matse, shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani.

"Samo min kwalba," ya ce. "Ki huda murfin, kada ƙwaron nan ya mutu kafin mu kai asibiti."