Tabon Ƙofar Gari

Auta na taka birki a gindin tsohuwar ganuwa, mahaifinta ma ya taka nasa a kujerar gefe, inda babu komai sai shimfiɗar roba.

"Baba, za ka huda mini mota."

"To ke ce kike birki kamar mai neman izini. Kawo makullin."

Ya zare shi ya jefa aljihu. Yau suka fara doguwar tafiyar hutun bazara, shi da matarsa da autarsu, kuma tun daga gida ake rigima a kan sitiyari. Likita ya ce idonsa ya yi hazo. Shi kuwa cewa yake mutumin da ya tsufa a kan babbar mota ba ya zaman fasinja. A hanya suka yanke magana: a jikin ƙofar garin nan akwai tabon da motarsa ta yi yana matashin direba. In ya hango shi da idonsa, shi zai ja har ƙarshen tafiya.

Suka shiga da ƙafa. Ya tsaya inda tasha take a da, yana baza hanci ko zai ji ƙaurin baƙin mai. Yanzu shagunan sayar wa baƙi tsaraba ne a jere.

"Nan mai faci yake zama. Can kuma muke kwana a ƙarƙashin mota, iska na kaɗa mu. Kai, duniya!"

"Sauro na kaɗa ku dai," in ji matarsa.

A bakin ƙofa suka tarar da mai yi wa baƙi bayani, ya ɗaga sanda sama.

"Wannan dogon tabo da kuke gani, an ce tun zamanin yaƙi yake."

Baƙi suka ɗaga wayoyi. Matar ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Yaƙi, Baban Auta! Ashe mayaƙi na aura."

"Wane yaƙi, Mama?"

"Ina amarya, ya ɗauko ni a gaban mota. Maimakon ya kalli ƙofa, ni yake kallo. Sai ji muka yi ƙuuu, bodi ya kwashi bango."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Tsohon bai yi ba. Ya ɗaga kai yana bin tsinin sandar. Bango kawai yake gani, ja, shafe, kamar an lulluɓe shi da gyale. Ya matsa, ya kare rana da tafin hannu. Bai ga tabon ba.

Matar ta daina dariya. Ta raɓo kusa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ga shi can dama, saitin fitila. In ce wa Auta ka gani?"

Ya juyo ya dube ta. A wannan tazarar yana ganinta sarai, har ɗan tabon da ke gefen girarta, na waccan ranar.

"Bar shi, tsohuwa. Na yaƙi ne."

Ya laluba aljihu, ya miƙa wa Auta makullin.

"Ƙofar nan ta fi yadda kike gani matsi. Ki naɗe madubi."

Da suka koma mota, Auta ta buɗe masa gaba. Ya wuce ta, ya buɗe baya, ya ce wa matarsa, "Matsa mini."