Kuncin Hagu na Graf Botho

Mijina Sebald yana da wata magana da ba ya gajiya da ita, musamman in giya ta kai kofi na biyu: wai tun da ya fara sana'a ba a taɓa maido masa da aiki ba. Ni da nake tankaɗe masa yashin zubi, in goge masa azurfa har yatsuna su yi baƙi, sai in ce to, Allah ya sa a ɗore. Ba a ɗore ba kuwa. Makauniya ce ta maido masa, kuma a gabana aka yi.

Sana'arsa lambobi. Zai sassaƙa fuskar mutum ta gefe a ɗan itace mai tauri, faɗin tafin hannu, ya danna a yashi, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, sai ga babban mutum ya fito da hancinsa da komai. Mu ne ke yi wa gidan Ellerstein, masu ƙasar nan da ke zaune a kan dutse sama da garinmu. Gidan suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: a jikin lamba namiji dama yake kallo, mace hagu. Hau ɗakin da suke jera su ka gani, mazan sun yi layi kowa yana kallon ƙeyar na gabansa. Haka yake har a jikin kwabon da muke sayen burodi.

Da mai ƙasar, tsoho Graf Botho (Graf sunan sarautarsu ne), ya rasu, shekara ta kusa zagayowa, ɗansa Graf Eitel ya aiko a yi lambar tunawa, wadda ake raba wa manyan baƙi ranar addu'a a coci. Eitel ɗin nan mutum ne mai saurin hawa, ga wani jan gemu har ƙirji wanda yake ji da shi fiye da dawakinsa. Sebald bai damu ba, don ya taɓa zana marigayin da ransa, ta dama kamar yadda aka saba. Ya sassaƙa, ya zuba, na goge. Gaskiya ta yi kyau. Duk wanda ya leƙo shago sai ya cire hula, ya ce ai tsohon ne sak.

Muka sa kayan coci muka hau dutse. Graf Eitel ya juya lambar a hannu, ya yaba, Sebald ya ƙara tsawo a tsaye. Sannan aka miƙa wa uwar gida Sidonia, matar marigayin, wadda idanunta suka mutu tun Eitel yana yawon yaƙi a ƙasashen mutane. Ƴar tsohuwa ce siririya, amma in ta buɗe baki har limamin coci gyara tsayuwa yake. Ta ɗora yatsu a kan azurfar, ta bi goshi, ta bi hanci, ta sauko haɓa. Ta sake komawa sama.

Ta ce, "Wane ne wannan?"

Eitel ya ce, "Baba ne mana, Iya."

"Baban wa? Kyakkyawan mutum ne, ban musa ba. Da na gamu da shi ina budurwa, da wataƙila ba a haife ka ba. Amma ban san shi ba."

Sebald ya matso kusa. Ya fara rantse-rantse, wai ko ƙwayar da ke gefen hancin bai bari ba.

Ta ce, "Wace ƙwaya? Kai maƙeri, wane gefe ka yi?"

"Dama, ranki ya daɗe. Ƙa'idar gida."

"To ai shi ke nan. Ni tun ranar da aka kawo ni gidan nan a hagunsa aka ajiye ni. A coci hagu, wajen cin abinci hagu, a keken doki hagu, a gado hagu. Wannan gefen na baƙi ne da masu kawo ƙara. Nawa yana can baya, cikin azurfa, inda ba a yi shi ba. Ka juyo min shi."

Kai, sai ga Eitel ya tashi kamar an zuba masa garwashi. "A juya Baba hagu? A sa shi a layin mata, ya ba kakanninsa baya? Iya, so kike ƴan'uwanmu na ƙetaren kogi su yi ta dariya har jikokinsu?"

"Su yi mana. Haƙoransu nawa suka rage?"

Ya buga ƙofa ya fita. Sebald ya bi shi yana ba da haƙuri kan laifin da bai san nasa ne ko na wa ba. Ni na tsaya naɗe lambar a ƙyalle, sai na ji an riƙe min hannun riga.

Tsohuwar ta ce, "Ke ce Walburga, matarsa? Kina warin toka." Muryarta ta sauka. "Ba rigima nake nema ba, ƴar nan. Mantawa na fara. Da ina rufe ido, da buɗewa, duk ɗaya ne, yana nan. Yanzu sai in neme shi in ga hazo. In gefen nan ya tafi, ba wanda zai dawo min da shi, don ni kaɗai na riƙe shi."

Tausayinta ya kama ni.

A gida Sebald ya ƙi cin miyar kabejinsa. Yana ta zagaye tebur: in ya juya fuskar, ɗan ya kore mu, in ya bari, uwar ta ce aikinsa baƙo ne.

Na ce, "Lambar nan ba fuska biyu gare ta ba? Gaba ka bar musu damansu. Baya, inda kake sa tambarin gida, ka yi mata hagunta. Guda ɗaya tak, tata."

Ya tsaya. "Ai abin da nake shirin faɗa ke nan."

"Na sani, maigida. Na ga yana tahowa."

Sai dai ina za a samo hagun? Ba wanda ya taɓa zana shi, don me za a zana gefen da ba ya shiga lamba? Sebald ya bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da dawaki ya ce akwai tabon harbin doki a ƙarƙashin ido. Mai dafa abinci ta ce ƙarya ne, a haɓa yake. Limami ya ce shi bai taɓa lura ba, don marigayin barci yake yi da wannan gefen a kafaɗar matarsa duk lokacin wa'azi. Da Sebald ya haɗa duk abin da suka faɗa a takarda, abin da ya fito ko a mafarki ba ka so ka gamu da shi.

Dole muka koma wurin mai abin. Kuma dole Sebald ya ɗauki kakin zuma, shi da kullum yake zagin mutanen Italiya wai su ne ragwayen da ke aiki da kaki, Bajamushe na gaske itace da dutse yake sassaƙawa. Amma itace in ka yanke ka yanke, kaki kuwa ana ƙarawa ana ragewa. Na ce masa, "Sannu, Ba'italiye." Bai kula ni ba.

Kullum da hantsi muna ɗakinta, wajen taga. Ni ina ɗumama kaki a tafin hannu, shi yana mulmulawa, ita tana shafawa.

"Nan ya faɗa ciki, haƙora biyu ya rasa. A'a, ba rami na ce ka haƙa ba! Kunnen ya fi haka tsayuwa. Wayyo, yanzu kuma ka mai da shi jaki."

"Ranki ya daɗe, jiya kin ce a ƙara."

"Jiya ka ƙara da hankali."

Haka muka yi ta yi, ranar addu'a tana matsowa. Wani lokaci sai ta ce an kusa, gobe kuma ta ce an yi nisa. Rannan ta ajiye kakin a cinya. Ta ce ba laifin Sebald ba ne, ita ce ba ta san abin da take nema ba kuma. Ban taɓa jin ta ba wani gaskiya ba sai ran nan, kuma bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Mai dafa abincin nan, Ottilie, ta shigo da ruwan zafi, ta ji. Tsohuwa ce da ta goya Eitel, ba ta tsoron kowa. Ta ce, "Ku kuna ta wahala da kaki, ga ƙashin kan mutumin yana yawo a gidan nan. Ku cire ciyawar da ke fuskar yaron can ku gani."

Uwar gida ta ɗaga kai. "Haka ne? Ni rabona da fuskarsa tun yana ɗan mitsitsi, da aka tura shi fadar kawunsa koyon zaman fada. Ya dawo da gemu, ni kuma ba ido. A kira min shi. A kira wanzami."

Tabɗi! Ban taɓa ganin mutum ya kare abu kamar yadda Graf Eitel ya kare gemun nan ba. Ya riƙe shi da hannu biyu. Ya ce tasa lambar da gemu za a yi ta, an riga an zana. Ya ce sojojinsa da gemun suka san shi. Ya ce ko sarkin sarakuna ya taɓa tanka gemun.

Ta ce, "Me ya ce? A kai wa awaki?"

"Iya!"

"Gemu dai tsirowa yake. Ni kuwa ba na jin zan ga wata bazarar, balle in shafa ta. Amma bar shi, ɗana. Riƙe abinka. Walburga, zo ki kai ni in kwanta."

Ta san ɗanta, tsohuwar nan. Ban kai ga kama hannunta ba ya faɗa kan kujera, ya daka wa wanzami tsawa: "Hagu kawai! Ka taɓa dama, in sa a rataye ka da shi."

Wanzami ya sa aska. Jan gashi ya yi ta zuba a ƙasa. Da aka gama, ga mai ƙasarmu zaune, rabi jarumi rabi ɗan makaranta, kuncin fari fat kamar cikin burodi. Na cusa gefen mayafina a baki. Sebald ya kafa wa kakinsa ido kamar bai taɓa ganin kaki ba. Ottilie kuwa ba ta ɓoye ba, ta saki dariya har da riƙe ciki. Graf Eitel ya cika fam, ya dantse haƙora, ba ya kallon kowa.

Na kawo uwar gida ta hagunsa, na ɗora hannunta. Ta fara daga goshi, a hankali. Sebald ya matso da kaki, yana jiran a ce ƙara ko rage. Ta bi gefen ido, ta ce, "Nan nawa ne, ba nasa ba." Ta bi kunne, ta ce, "Wannan na kakanka ne, Allah ya ba ka haƙuri." Na ce a raina an yi asarar gemu a banza.

Sai yatsunta suka sauko ƙasan kunne, inda muƙamuƙi ya haɗu, suka tsaya cak. Daga inda nake ina ganin wurin: wata ƴar jijiya ce ke harbawa a ƙarƙashin fata, tana tashi tana kwanciya, saboda tsabar fushin da yake haɗiyewa.

Ta ce, "Af." Can ta sake cewa, "Af. Ga shi nan."

Sebald ya ce, "Ina, ranki ya daɗe? In ƙara ko in rage?"

"Ɗauki kakinka ka tafi gida, maƙeri. Wannan ba ya zama a azurfa. Ku raba wa baƙi damansu." Tana dariya, hawaye yana bin fuskarta. "Haka marigayin yake yi. Duk ranar da na ƙular da shi a gaban mutane, ba ya iya ce min komai, sai wurin nan ya yi ta harbawa. Ni kaɗai nake gani, don ni ce a gefen. Da gangan nake tsokanarsa, in ji daɗina."

Ottilie ta daina dariya. Na ga haɓar Graf Eitel ta fara rawa, muƙamuƙin yana saki.

Tsohuwar ta ji a yatsunta. Ta ce, "A'a, a'a, kar ka huce min yanzu. Kai mai rabin gemu! Kunnen jemage! Eitel, don Allah ci gaba da fushi."

Ya ɗora hannunsa a kan nata, ya danne shi a kuncinsa.

Ya ce, "Ina ƙoƙari, Iya."