Ginshiƙin Da Aka Cire

Mawaƙa suna tsakiyar baiti na biyu Magini ya ratso ta gefen bango, ya hau matakalar bagade, dandamalin da ke gaban majami'a, ba wanda ya kira shi, ya durƙusa kusa da kujerar Fasto kamar mai neman a yi masa addu'a. Hannun Fasto ya kama, ya buɗe, ya zuba masa wani abu a tafi.

Gilashi ne, guntaye biyu, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, da busasshen siminti a gefensu.

"Yaushe?" in ji Fasto, da ƙyar bakinsa ke motsi.

"Yanzun nan. A kan ɗankwalin matar mai kantin magani ya faɗo. Ta zaci yara ne ke jifa."

Fasto ya san gilashin. Ranar Talata Magini ya kafa tsani a tsakiyar majami'a, ya manna shi a kan wata siririyar tsaga da ta fito a ƙaton bim ɗin da ke riƙe da rufin kankare. Da ya sauko ya goge hannu a wando ya ce, "In gilashin nan ya zauna lafiya, tsagar ta mutu. In ya karye, tana tafiya." Kwana huɗu yana nan lafiya lau. Har Fasto ya daina ɗaga kai in ya shigo.

Yanzu ya ɗaga kan. Daga inda yake zaune ma ana ganin tsagar, baƙa, ta ratsa farin fenti kamar an ja layi da gawayi.

Shekara tara da suka wuce su goma sha ɗaya ne, a shagon wani tela suke sujada, ana ture kekunan ɗinki gefe. Yau in aka ƙirga har da na goye sun haura ɗari huɗu. Da jama'a suka yi yawa, sai ginshiƙin da ke tsakiyar ɗakin ya zama abin ƙorafi. Ya cinye wajen benci biyu, ya tare wa na baya fuskar mai wa'azi. Fasto ya ce a cire shi. Magini ya ce ba da hannunsa ba. Sai Fasto ya jira Magini ya tafi wani aiki a ƙauye, ya ɗauko wasu leburori daga tasha, kwana biyu suka gama da shi. A taron dattawa da aka tambaya, ya ce Magini ya duba ya ce ba komai. Ba wanda ya sake tayar da maganar, Magini kuma bai taɓa ƙaryata shi ba, sai dai ya koma zama a bencin ƙarshe, bakin ƙofa.

"Amma ai jiya da safe yana nan garau," in ji Fasto.

"Jiya da yamma fa? Ka hau sama?"

"Me ke sama?"

"Bulon da mota ta sauke a titi. Matasa sun ce kada a sace, sun kwashe shi kaf sun hau da shi. A tsakiya suka jibge, daidai kan bim ɗin." Magini ya ƙara matsowa. "An ce har ka sa musu albarka."

Ya sa musu. Ya gan su suna ta hawa da sauka suna waƙa, ya ce Allah ya ƙara irinsu, bai tambayi inda suke ajiyewa ba.

Mai ganga ya ƙara wuta. Mata suka miƙe, benci ya shiga ƙara, ƙafafu na dukan daɓe tare. Fasto ya ji bugun a tafin ƙafarsa, ya ji shi a haƙoransa. Wata 'yar ƙura ta sauko daga tsagar, ta ratsa hasken taga a hankali, ta bi kan mutane ba wanda ya kula.

"Zai kai ƙarshen sujada?"

"Baba Fasto, ni magini ne, ba annabi ba. Zai iya kai shekara. Zai iya ƙin kai amin."

Fasto ya dubi ƙofa. Guda ɗaya ce. Ta bayan an toshe ta da bulo tun bara don a ƙara layin benci. Tagogi duk da ƙarfe. In ya miƙe ya ce rufi zai faɗo, mutum ɗari huɗu za su yi kan ƙofar da mutum uku ba sa wucewa a jere. Yara kuwa suna nan gaba a kan tabarma, su ne mafi nisa da ita. Abin da rufi bai yi ba, ƙafafu za su yi.

"Kada kowa ya bi ta tsakiya," in ji Magini. "Jikin bango, can ne da ƙarfi. Kuma a kashe gangar nan, don Allah."

Fasto ya miƙe. Ya ɗaga wa mai ganga hannu, shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya ƙara lafta mata. Sai da Fasto ya taka ya ɗora tafinsa a kan fatar gangar sannan sautin ya mutu. Waƙar ta yi ɗingishi ta tsaya.

"Salama a gare ku."

"Salama, Baba!"

Ya yi murmushi, ya ji leɓensa na manne wa haƙori. "Yau ina so mu yi wani abu da muka daɗe ba mu yi ba. A waje za mu ƙarasa sujada, ƙarƙashin bishiyar makaranta."

Aka yi 'yar hayaniya. Daga bencin gaba Dattijo, shugaban dattawan ikilisiya, tsohon malamin makaranta da ba a sauya masa tsari ba a sanar da shi ba, ya leƙo ta saman tabarau.

"Fasto, wannan ba ya cikin takardar shirin yau."

"Ba ya ciki, Baba. A yi mini haƙuri."

"Mun yi shekara tara muna roƙon rufi, yanzu mun samu kuma za mu koma rana?"

Aka yi dariya. Fasto ma ya yi. "Yara za su fara. Sannu a hankali, kowa ya dafa bango da hannu ɗaya. Ba gudu. Wanda ya yi gudu shi zai share majami'a wata guda."

Ya nemi matarsa da ido. Tana can cikin mata da ƙaramarsu a cinya. Shekara goma sha shida suna tare, ta san murmushinsa na gaske, ta san na aro. Ta dube shi, ta bi inda idonsa ke gudu, ta ɗaga kai. Ya ga lokacin da ta gani. Hannunta ya damƙe yarinyar har ta yi ƙara. Ya girgiza mata kai kaɗan. Ta rufe ido, ta buɗe, ta miƙe.

"To 'yan albarka, ku biyo Mama," ta ce, muryarta ras. "Kamar jerin tururuwa. Wa ya iya tafiyar tururuwa?"

Yara suka bi bango suna ƙyalƙyala dariya. Amma manya ba yara ba ne. Tun kafin a kira layinsu, na tsakiya suka fara zubowa hanyar tsakiya, hanyar da suka saba bi, wadda ta ratsa daidai ƙarƙashin tsagar.

Fasto ya sauko daga bagade. Bai san ya yanke shawara ba, sai ganin ƙafafunsa ya yi suna tafiya. A tsakiyar hanyar akwai wani faci mai kusurwa huɗu inda simintin ya fi na kewaye haske, gurbin ginshiƙin. Nan ya tsaya, ya buɗe hannuwansa biyu ya tare hanya.

"Ta bango, 'yan'uwa. Na dama su bi dama, na hagu su bi hagu. Yau hanyar nan tawa ce ni kaɗai."

"Baba Fasto ya zama ɗan sandan hanya," in ji wani, aka sake dariya.

Ya ɗauko wata waƙa mai sanyi, irin wadda ba a yi mata rawa, ya ja ta a hankali don ƙafafu su bi ta. Suka karɓa. Layi ya shiga tafiya ta gefe biyu. Yana waƙa yana ƙirga benci. Na uku ya tashi. Na huɗu. Wani abu ya sauka a kafaɗarsa, mara nauyi, kamar yashi. Bai duba ba. Ya tuna yaransa huɗu, ya tuna bai gaya wa matarsa inda takardun makarantarsu suke ba. Baitin ya ɓace masa, ya koma na farko, ba wanda ya lura.

Sai aka ji wani ƙas daga sama, kamar an karya busasshen kara.

Wata mata ta tsaya. "Mene ne wannan?"

"Ci gaba, 'yar'uwa, na bayanki na jira."

"Na ji wani abu a sama."

Kawuna biyu uku suka fara ɗagawa. Fasto ya ɗaga murya har ta fashe, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. "Ido a ƙofa! Waƙa, jama'a, ko ba ku karya ba ne yau?" Daga bakin ƙofa Magini yana jan mutane ɗaya ɗaya yana tura su waje kamar mai sauke kaya daga mota. Layin ya motsa. Matar ta bi, tana waiwaye.

Bai san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Waƙar ta yi ta raguwa a ciki tana ƙaruwa a waje, har ya zamana muryarsa kaɗai ke dawo masa daga bango. Ya sauke hannuwansa, sun yi tsami.

Saura mutum ɗaya. Kaka, wadda ta fi kowa shekaru a ikilisiyar, tana zaune a bencin da ke dab da shi, sandarta a tsakanin gwiwoyi. Kunnenta ya yi nauyi tun kafin a gina wurin. Da can da ginshiƙin take jingina, da aka cire shi ba ta sauya wuri ba.

"Kaka, mu je waje."

"Iye?"

"Waje! Mu fita!"

"An tashi? Ban ji wa'azi ba."

"A waje za a yi."

"Ni ƙafata ba ta son yawo. Ku je ku dawo, ina nan." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma wa ya zuba maka gari a ka? Ka yi furfura yau ɗaya."

Wani ɓarɓashin siminti, kamar ƙwayar wake, ya faɗo a kan bencin kusa da hannunta, ya yi tsalle. Fasto ya sunkuya ya sa hannu ɗaya a bayanta ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta ya ɗaga. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

"Kai! Sauke ni, mara kunya! Mijina ma bai ɗauke ni haka ba!"

Ta buga masa sanda a baya sau biyu. Ya bi jikin bango da ita, taku ɗaya bayan ɗaya, bayansa duk a sandare yana jiran abin da zai sauko. Magini ya karɓe ta a bakin ƙofa, ya jawo ƙofar, ya zura kwaɗo ya datse.

Rana ta bugi Fasto. Ya ga jama'a cunkus a ƙarƙashin bishiya da gefen titi, ya ga matarsa tana ƙirga yara da yatsa. Ya juya ya dubi majami'ar. Tana nan tsaye, fara tas, da tulin bulo a kanta. Minti ɗaya, biyu. Ko motsi. Sai ya kama kansa yana jira ta faɗi, don kowa ya gani da idonsa ba sai ya yi bayani ba. Kunya ta rufe shi.

Matar da ta ji ƙarar ta riga ta baza labari. Wasu samari sun leƙa ta taga sun ga tsagar. Maganar ta bi taron kamar wuta a busasshiyar ciyawa, iyaye na jawo 'ya'yansu jiki, wata ta fashe da kuka.

"An nuna wa Baba Fasto!" wani ya ɗaga murya. "Yana zaune a bagade aka nuna masa!"

"Wahayi ne! Kun ga inda ya tsaya?"

Aka ɗau tafi. Dattijo ya matso, ya cire tabarau, idonsa ya kaɗa. Ya kama hannun Fasto da hannu biyu. "Ɗana, ka yafe mini. Na yi maka gardama ban sani ba. Hau nan ka gaya wa jama'a yadda Ubangiji ya yi magana da kai."

Aka jawo wani tebur na makaranta. Fasto ya hau. Fuskoki ɗari huɗu suka ɗago, ba su taɓa dubansa da irin wannan ƙauna ba. Can baya, a gindin katanga, Magini ya tsuguna yana kakkaɓe hularsa, bai ko dubi wajen ba. Ba zai ce komai ba, Fasto ya sani. Wata biyu ke nan bai ce ba.

Fasto ya ɗaga hannu, tafin ya lafa.

"Ba a nuna mini komai ba," ya ce. "Gaya mini aka yi. Magini ya ce kada a cire ginshiƙin nan, na cire a bayan idonsa. Na kuma ce wa dattawa ya yarda. Bai yarda ba."

Dattijo ya tsaya da tabarau a hannu, bai mayar ba. Matar Fasto ta sunkuyar da kai.

Daga kan kujerar da aka zaunar da ita, Kaka ta zunguri na kusa da ita da sanda.

"Me ya ce? Ku ce masa ya ɗaga murya, ban ji ba."

Fasto ya ja numfashi, ya juya wajenta, ya sake faɗa da ƙarfi.