Gangar Alade a Rumfar Sumana

Sumana mahauci bai ko sauke jakarsa ba labarin ya tarbe shi a tashar mota: an ɗora alade a kan kututturen saran naman da ya gada daga mahaifinsa.

Tun da dokar korar baƙi ta fito ya rufe rumfarsa a kasuwar Asawase ya koma garinsu Dosso. Yanzu ya samo izinin zama ya dawo. Mutaru, mahaucin da ya daɗe yana kwaɗayin rumfar, shi ya kai masa labarin.

"Sai haƙuri, Baaba Sumana," in ji Mutaru. "Kana tafiya na je in riƙe maka wurin. Sai ga ƙawarka Maame Ataa ta mirgino ganga ta ɗora. Ƙafar alade mai gishiri! Ba mahaucin da zai sake sara a kansa."

Sumana ya yi kasuwa a guje, babbar riga na tashi. A kan wannan kututturen mahaifinsa ya koya masa raba tozo da haƙarƙari, da fitar da hanta ba a fasa matsarmama ba. Maame Ataa kuwa, Asante ce mai sayar da alade a tsallaken hanya. Sun tsufa suna tsokanar juna, amma ko inuwar wuƙarta ba ta taɓa tsallakowa ba.

Ya same ta zaune a gaban rumfar, ta miƙe ƙafa tana firfita. Ta tarbe shi da sunan da Asante ke kiran Musulmi.

"Ei, Kramo! Ka rame paa! Can ba sa cin nama ne?"

"Maame, me na yi miki?" in ji Sumana. "Na bar miki amanar ido, kin mai da mini gadon uba najasa?"

"Buɗe gangar," ta ce.

"Allah ya kiyashe ni!"

"Ka buɗe, tsoho mai taurin kai kamar ganda!"

Mutane sun taru, Mutaru a gaba. Sumana ya naɗe hannu da tsumma, ya kau da kai, ya ɗaga murfin.

Kifi ne. Koobi, busasshen karfasa mai gishiri, cike har baki.

"Sabuwar ganga ce, daga hannun kafinta," in ji Maame. "Ko ni ban taɓa ta ba sai da na wanke hannu da sabulu. Washegarin tafiyarka Mutarun nan ya zo da wuƙaƙensa da ma'auninsa. Ni mace ɗaya, da me zan hana shi? Sai na ce alade ne. Wa zai leƙa?"

Kasuwa ta ɗauki dariya. Mutaru ya sosa ƙeya.

"Wallahi ko ta gefen nan ban sake bi ba," ya ce. "Ta bayan masu tumatir nake zagayawa."

Sumana ya ɗan matsar da gangar gefe, ya shafa kututturen, duk saran gatarin mahaifinsa na nan. Ya goge ido da hannun riga, wai gishiri ne ya shiga.

"Gobe in na yanka, tozon naki ne, Maame."

"Tozo kawai? Da wutsiya. Kuma kifin nan kai za ka cinye shi, gadinsa ya hana ni ciniki."

"Mutaru," in ji Sumana, "zo ka kama mu sauke."

Mutaru ya matso, ya sake leƙa cikin gangar tukuna, sannan ya kama.