Tabon Hannun Malam

Tun da muka fara koyon aikin agajin gaggawa abu ɗaya ke ɗaure min kai: me ya sa malaminmu na allura ba ya naɗe hannun riga? Ajin zafi kamar gidan burodi, fankar sai ƙara ba iska, amma shi kullum maɓallinsa a ɗaure har wuyan hannu. Muka laƙaba masa Malam Dogon-Hannu. Ƙawata Uwar Surutu ta rantse ƙuna ce, wani ya ce ƙyanƙyamin ɗalibai yake yi. Ni da na ƙi jinin a bar ni a duhu, har leƙe nake in yana wanke hannu, amma ko gwiwar hannunsa ban taɓa gani ba.

A kan hannun roba muke koyo. Mai Haƙuri muke ce masa, don ya sha suka bai taɓa cewa uffan ba. An zura masa siraran bututu masu jan ruwa a madadin jijiya. In ka dace, sai ja ya leƙo a gindin allura. Ba yabon kai ba, ni ce gwanar ajin. Dabarata kuwa ba wuya: waɗanda suka riga mu sun huda robar har ramukan sun yi layi, ni kuma sai in bi layin.

Ranar gwaji ta zo. Wanda ya sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar mutum mai rai zai fara bin motar ɗaukar marasa lafiya, wanda ya kasa ya maimaita zango. Innata ta riga ta goge min kakina ta rataye a bayan ƙofa, ta kuma gama shelanta wa maƙwabta. Da wane ido zan dube ta?

Ɗaya bayan ɗaya ake kiranmu wani ɗan ɗaki, duk wanda ya fito bakinsa gum, har Uwar Surutu. Da na shiga na waiga ina neman wanda zan soka. Daga tiren allurai da safar hannu sai Malam zaune a kujera. Yana kallona ya ɓalle maɓallin nan, ya naɗe rigar har damtse.

Na saki baki. Baƙaƙen tabo ne ƙanana, birjik a lanƙwasar hannun, sun yi layi sak irin na Mai Haƙuri.

"Kin gani, hankali ya kwanta?" in ji shi. "To bisimilla. Suka biyu gare ki."

Na ɗaura igiyar roba, na goge fatar da auduga. Raina ya yi fari, don ga hanya an share min. Na bi layin tabon na soka. Jini bai leƙo ba. Na ɗan matsa, gindin allura fari fat. Malam ya cije leɓe, wurin ya fara tasowa. Na zare na danna auduga, tsoro ya kama ni sosai.

"Me ya kai ki nan, ɗiyata?"

"Malam, nan na ga kowa ya bi."

"A roba, inda rami ya yi yawa nan bututu yake. Fatar mutum kuwa, wanda ya dace ba ya bar mata alama. Duk waɗannan na waɗanda suka kuskure ne."

Duk da halin da nake ciki bakina bai mutu ba. "Shi ya sa kake rufewa?"

"Da kun gani, da kun haddace layin. Saura ɗaya. Bar ido ya huta, ki tambayi yatsanki."

Na sake ɗaura igiyar, na rufe ido, na fara lalube. Ƙarƙashin tabon tauri kawai nake ji. Can gefe, inda fatar take sumul ba ɗigo ko ɗaya, wani abu ya lotsa ƙarƙashin yatsana ya dawo, na danna ya sake dawowa. Ashe haka jijiya take! Na goge, na kwantar da sabuwar allura, na shiga a hankali. Jini ya leƙo.

Malam ya gyaɗa kai. "Gobe ki zo da kakinki."

Ina manna masa filasta ina ba shi haƙuri. Ya nuna suka ta biyu. "Wannan kafin jibi babu ita." Sai ya ɗora yatsa kan ta farko, wadda ta kumbura ta fara duhu a ƙarshen layin.

"Wannan kuwa taki ce. Gara a nan da a hannun wanda kuka ɗauko a titi. Zan ajiye miki."

Ya sauke hannun rigar, ya ɗaure maɓalli, ya ce in turo na gaba.