Ashafa Mai Zane a Barikin Ikara

A shekarar 1954, duk mai son a fitar masa da zanen babbar riga a ƙasar Makarfi, zauren Ashafa yake nufa. Masu ɗinkin hannu su kawo masa saƙi ko farin yadi, ya shimfiɗa a tabarma, ya tsoma alƙalami a tawada, ya fitar da aska takwas ko aska biyu ba tare da ya auna da komai ba, su kuma su bi sawunsa da allura. Da motocin kaya suka yawaita a hanyar Zariya zuwa Kano, direbobi suka gano cewa hannun nasa bai tsaya a riga ba. Ya zana musu zaki, ya zana ɗawisu, ya zana mahauci yana kokawa da sa, duk a jikin katakon mota. Shekarunsa talatin da shida, yana da gonar rake a fadama. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi. Boko kuwa ajin manya na Yaƙi da Jahilci kawai ya yi, aka ba shi 'yar takarda mai shaida cewa yana karanta Hausa yana rubuta ta.

Wata ranar kasuwa sanƙira ya yi shela cewa ofishin gona na En'e na neman mai zanen hotuna, irin waɗanda ake bugawa a manna a kasuwanni don manoma su gani su koya. Baturen gona yana rangadi, zai sauka a barikin Ikara ran Litinin, mai so ya je a gana da shi. Amma sai wanda ya gama Midil, ya kuma zo da satifiket ɗinsa.

Da Ashafa ya koma gida ya fara tattara zane-zanensa, matarsa Lantana ta tsaya a kansa da muciya a hannu.

“Malam, ai an ce sai mai satifiket.”

“Na ji da kunnena,” in ji shi. “Zan je su gan ni, ni ma in gan su. In sun kore ni na dawo na ci tuwona.”

Ran Litinin ya yi asubanci a kan kekensa, ya isa Ikara da hantsi. A gindin maɗacin da ke gaban bariki ya tarar da samari huɗu a kan benci, kowa da farar taguwa da gajeren wando, kowa ya rungume ambulan. Ya yi sallama. Uku suka amsa a ciki, suna kallon babbar rigarsa da ƙunshin takardun buhun siminti da ya ɗauro a bayan keke. Na huɗun ya tashi ya ba shi hannu, ya matsa masa wuri. Sunansa Ja'afaru, ɗan garin Ikara ne, bara ya gama Midil a Zariya.

“Malam, kai ma aikin ka zo nema?”

“Shi na zo nema, samari. Mu ga abin da ka iya.”

Ja'afaru ya buɗe littafin zanensa da ɗan jin kunya. Akwai bokiti, akwai kujera, akwai ƙofar gari da hanya ta bi ta cikinta tana ƙanƙancewa har ta ɓace. Haruffan da ya rubuta a ƙasa kuwa kamar inji ne ya buga su. Ashafa ya daɗe yana dubawa. Bai taɓa ganin hannun mutum ya yi baƙaƙe masu tsabta haka ba, kuma bai ɓoye ba.

“Wannan ka fi ni,” in ji shi. “Allah ya yi wa malaminka albarka.”

Ashafa aka kira a ƙarshe. A cikin ɗakin akwai tebur, a bayansa Baturen gona, dogo, rana ta gasa masa wuya ya yi ja. Kusa da shi Malam Sada ne, babban malamin gona na En'e, wanda ke yin tafinta in Hausar Baturen ta ƙare. Ashafa ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiyar rangadi, sa'annan ya zauna inda aka nuna masa.

“Ina satifiket?” in ji Malam Sada.

Ashafa ya ajiye 'yar takardarsa ta ajin manya. Malam Sada ya ɗaga ta da yatsu biyu.

“Malam Ashafa, ba wannan ake nufi ba.”

“Allah ya gafarta Malam, na sani. Ita ce dai nake da ita, ban so in shigo hannu sake ba. Sauran shaidata ga ta nan.”

Ya kwance ƙunshinsa a ƙasa. Baturen ya zagayo daga bayan tebur ya tsuguna. Ya ga mata suna sussuka, ya ga doki yana juya injin matse rake, ya ga makiyayi ya saɓa sanda a kafaɗa. Ya juya wannan, ya juya wancan. Can ya miƙe ya nuna wani bugaggen hoto da aka rataya a bango, na mutum yana noma da garmar shanu.

“Me ka gani a nan?” ya tambaya da Hausarsa mai nauyi.

Ashafa ya matsa kusa. “Ranka ya daɗe, in faɗi gaskiya?”

“Faɗi.”

“Shanun nan ba su da tozo. Karkiyar kuma a ƙaho aka ɗaura ta, mu a wuya muke ɗorawa. Mai noman an yanke shi daga gwiwa, ba a ga ƙafarsa ba, ba a san inda yake takawa ba. Manomin Kudan in ya ga wannan zai ce noman wata ƙasa ne, ya yi sha'awa, ya wuce abinsa.”

Malam Sada ya yi gyaran murya, don shi ya rataya hoton da safe. Baturen kuwa dariya ya yi. Ya ce a shigo da duka mutum biyar, a ba kowa takarda da fensir, a zana mutum yana tayar da kunyar auduga da shanu biyu, an ba su awa ɗaya.

Ashafa bai saba da fensir ba. Ya riƙe shi, ya ji kamar tsinken tsire, ya ajiye. Ya ciro alƙalaminsa da 'yar kwalbar tawada daga aljihu, ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa yadda ya saba. Bai yi gwaji ba, bai goge ba. Daga tozo ya fara, ya gangaro wuya, ya ɗora karkiya, layi ɗaya yana kiran ɗan'uwansa. Kafin rabin lokacin ya gama, ya zauna yana jiran tawada ta bushe, yana jin ƙarar abin goge fensir daga wajen samarin.

Da lokaci ya cika Baturen bai dubi zanen ba. Ya leƙa waje ya kira wani dattijo, Jumare, Bafulatanin da ya zauna a Kurmin Kogi yana noma da shanu, wanda ya zo neman bakin garma. Aka jera takardun biyar a ƙasa, aka ce ya faɗi abin da ya gani.

Jumare ya wuce uku da sauri. A kan ɗaya ma ya tambaya ko jakuna ne. Ya tsaya a kan na Ja'afaru, wanda ya yi kyau ƙwarai, an bi shi da inuwa baƙi-baƙi don jikin shanun ya fito.

“Shanu ne,” in ji Jumare. “Amma suna da ciwon kirci. Dubi gefen cikinsu duk ya yi baƙi. Ni ba zan saya ba.”

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. Jumare ya matsa kan na ƙarshe, ya tsuguna, ya jingina sandarsa da bango.

“Af! Wannan na dama malalaci ne. Ga shi yana jan baya, ya bar wa ɗan'uwansa aikin. Ina da irinsa. Mai garmar dai ya iya, bai danna ta da yawa ba, ga kunyar ta tashi daidai.” Ya ɗago kai. “Na wane ne shanun nan? A wane gari suke?”

Aka sallami Jumare da samarin, aka ce Ashafa ya tsaya. Baturen da Malam Sada suka shiga Turanci. Ashafa ba ya ji, amma ya ga Baturen na buga yatsa a kan zanensa, Malam Sada kuma na buga yatsa a kan wata takarda mai hatimi. Daga bisani Malam Sada ya juyo.

“Malam Ashafa, zanenka ya fi, wannan ba gardama. Amma gurbin aikin daga sama aka tsara shi, an rubuta sai mai Midil huɗu. Ni ban isa in canza ba, shi ma bai isa ba. Kuma mai aikin zai riƙa rubutu da Turanci zuwa wurin bugawa. Ja'afaru za a ɗauka. Sai dai akwai dabara. Muna da gurbin masinja. A rubuta ka masinja, a ba ka kaki, amma ba za a aike ka ko'ina ba. Zane kawai za ka yi.”

Baturen ya gyaɗa kai yana murmushi, da alama shi ya kawo shawarar kuma yana jin ya kyauta.

Ashafa ya fara da godiya, ba don yana shakka ba, sai don kada a ce ya yi gaggawar mayar da alheri.

“Na gode, Allah ya saka. Amma Allah ya gafarta Malam, ka gaya masa: yau shi ne a nan, ya san ni. Gobe zai tafi gida hutu, wani ya zo. Wancan bai ga zanena ba, takarda zai duba. Zai ga an rubuta masinja, ya miƙo mini wasiƙa ya ce in kai Hunkuyi, kuma da gaskiyarsa. Masinja aiki ne na mutunci, amma ba nawa ba ne. In takarda ce ke magana a ofis, to kada ta faɗi abin da ba ni ba. In kuna son zane, zaurena ba ɓoyayye ba ne a Makarfi.”

Malam Sada ya juya maganar zuwa Turanci, kuma Ashafa ya lura bai gajarta ta ba. Murmushin Baturen ya tafi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ke nan. Ashafa ya naɗe takardunsa, ya yi sallama kamar yadda ya yi gaisuwa. A waje ya kama hannun Ja'afaru ya yi masa barka, ya ce ya riƙe aikin da kyau, ya hau kekensa.

A gida ya ba Lantana labari daga farko har ƙarshe. Ta ce, “To da ka karɓa mana, daga baya a gyara.” Ya ce abin da aka rubuta a ofis ba ya gyaruwa da sauƙi. Washegari ya koma kan rigunan da ke jiransa.

Bayan mako uku, yana cikin fitar da wuyan wata riga, sai ga sallama. Ja'afaru ne a kan keke, gumi ya jiƙa masa taguwa, da naɗin farar takarda a hammata. Bayan gaisuwa da shan ruwa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya zana hotuna uku, ya kai kasuwar Hunkuyi da kansa ya nuna wa manoma kafin a buga. Sun yaba rubutun, waɗanda suka iya karantawa ke nan. Hoton kuwa kowa da abin da ya gani a ciki.

“Na koma na gaya wa Malam Sada gaskiya,” in ji Ja'afaru. “Na ce a makaranta bokiti da kujera aka koya mini, ban taɓa riƙe garma ba. Na ce a turo ni wurinka.”

Ya miƙa wasiƙa. Ashafa ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. A sama an rubuta: Zuwa ga Malam Ashafa, Mai Zane, Makarfi. Ofishin gona na roƙonsa ya riƙa zana musu hotuna daga gidansa, ɗaya bayan ɗaya, a kan ladan da za a yi yarjejeniya. Ja'afaru zai sa rubutu, ya kai wurin bugawa.

“Na yarda,” in ji Ashafa. “Amma a ƙasan kowane hoto a sa sunana da naka, ko da ƙanana ne.”

Haka suka yi shekara biyu. Ja'afaru kan zo duk ran kasuwa, su zauna a zaure, ɗaya da alƙalami ɗaya da rula. Ashafa ya riƙa jan sa zuwa fadama da zangon shanu ya ce ya zauna ya kalla kafin ya taɓa takarda. Ja'afaru kuma ya nuna masa abin da injin bugawa ke iya ɗauka da abin da yake cinyewa, har Ashafa ya daina yin siraran layukan da ya saba yi wa masu allura. Daga baya aka buɗe wa Ja'afaru hanyar ƙarin karatun zane a kwaleji a Zariya, saboda satifiket ɗinsa. Ashafa ba shi da wannan hanyar, ya kuma san haka. Ya raka shi tasha, ya sa masa albarka, ya dawo.

Aiki dai bai yanke ba. Ofishin tsabta ya ji labari, suka aiko a zana musu mace tana tace ruwan sha da ƙyalle saboda kurkunu. Ya zana, ya jingina a bango yana dubawa, ya gamsu. Lantana ta shigo da kwanon fura, ta tsaya.

“Malam, wace mace ce wannan?”

“Mace ce mai tace ruwa.”

“A tsaye? Da hannu ɗaya? Ai ƙyallen zai faɗa cikin randar. Ɗaure shi ake yi a bakin, sa'annan a durƙusa a zuba a hankali.”

Ashafa ya sake duban hoton, ya ga gaskiyarta. Ya juya bayan takardar, ya tsoma alƙalami.

“Ajiye furar,” in ji shi. “Ɗauko randa ki nuna mini.”