Yagar da Pansik Bai Liƙe Ba

Jeomsun na tura mijinta Pansik a keken marasa lafiya zuwa ɗakin hoton ƙashi sai rana ta faɗo mata a fuska ta tagar asibitin. Masu hasashen yanayi sun ce yau hadari ne wuni guda, shi ya sa da za su fito da sassafe, raɓa a daskare kan ciyawa, ta sauke gefen rumfar ledar da take rainon shuka a ciki, ta ja ƙofa, har bargo ta lulluɓa wa dashen barkono. Duk mai rumfar leda ya san sauran zancen. In rana ta fito a farkon bazara ba a ɗage gefe ba, kafin tsakar rana ciki ya zama tukunya.

Kuma ba barkonon kanti ba ne. Irin mahaifiyarta ne, daga ƙauyensu na Imsil da ruwan dam ya shanye tuntuni. Bara cuta ta cinye gonar, abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba, ita kuwa don zalama ta shuka shi kaf. Sau nawa tsohuwar ta ce mata ba a zazzage ƙullin iri duka?

Ta kira maƙwabciyarta Malnyeo a waya. Kiɗa ne ya fara amsawa. Ashe yau ce ranar da ƙauyen gaba ɗaya ya cika bas ya tafi kallon furanni, har dagaci, wanda take jiyo muryarsa yana kashe waƙa.

"'Yar Imsil, ɗaga murya, ba na ji! Rumfa? Wayyo, ai mun kusa bakin teku!"

Ta kira wani, ta kira wata, duk suna cikin bas ɗin nan suna tafi. Pansik, wanda tun daga gida take masa ruwan faɗa kan yagar da ke kusurwar ledar, wadda tun hunturu yake cewa gobe zai liƙe har ya faɗi ya bugu a ƙugu, ya ɗago ya dube ta.

"Tafi."

"In bar ka da wa, tsoho?"

"Da ma'aikatan jinya. Sun fi ki daɗin baki."

Ba ta taɓa barinsa a asibiti shi kaɗai ba, amma ta tafi, kunya na cin ta. Bas ɗin haya mai zuwa ƙauyen kuwa kamar da gayya, kowace tasha sai ya tsaya, kowane tsoho sai ya hau da sandarsa a tsanake. Ta roƙi direba ya taka, ya ce Goggo, hanya ba ta ubana ba ce. Daga bakin gada da gudu ta ƙarasa, takalmi ɗaya a hannu.

Tana buɗe ƙofa zafi ya mare ta. Ta fizge bargon. Dashen duk sun kwanta, sun yi laushi kamar alayyahon da aka turara. Ta ɗage gefe, ta yayyafa ruwa, alhali ta san aikin banza take yi. Sai ta zube a ƙasa tana kuka tana kiran uwarta, tana ba ta haƙuri.

Can ta ji iska mai sanyi a ƙeyarta. Ta waiwaya. A kusurwa, daidai ƙarƙashin yagar, akwai farantin dashen da bargo bai kai gare shi ba. Layi guda na tsaye, kore shar, iskar da ke shigowa ta yagar na kaɗa su.

Ta daɗe a durƙushe kafin ta kira Pansik a waya. Ta tambaya ko ya ci abinci, ya ce ya ci. Sannan ya ce in dashen sun mutu ta yi haƙuri, yana samun sauƙi zai gyara mata rumfar tsaf, yagar nan ma zai liƙe.

Jeomsun ta share majina da bayan hannu.

"Ka kuskura ka taɓa ta," ta ce, "sai na karya maka ɗaya ƙugun."